Kwana Uku a Ƙairawan, Garin Sahnun

Mako guda ke nan da dawowata daga Tunisiya, amma har yanzu hankalina yana Ƙairawan, garin da tun muna yara muke jin sunansa a zauren malam idan an zo karatun fiƙihun Malikiyya. Daga birnin Tunis motar haya ta kai mu, tafiyar kimanin kilomita 160.

Da yawa daga abin da ake nuna wa baƙo a garin aikin ƙarni na 9 ne, zamanin Aglabiyawa, waɗanda Halifa Haruna Rashid ya naɗa kakansu Ibrahim bin Aglab a shekarar 800, suka riƙe ƙasar har zuwa 909. Uƙuba bin Nafi'u ne ya aza babban masallacin a 670, amma Sarki Ziyadatullahi ya sake gina shi a 836. Na daɗe ina shafa ginshiƙansa na marmara, wani fari, wani jaja-jaja, kowanne da irin zanen kansa, domin daga kangayen Rumawa aka kwaso su.

Tafkunan da ke bayan ganuwa su suka fi tsaya mini a rai. An gina su da dutse a wajen shekarar 862, faɗin babban ya kai mita 128, kuma a da ruwan sama yakan fara shiga ƙaramin, laka ta kwanta, sannan ya wuce babban garau. Da na tsaya a bakinsa sai na tuna kududdufan Kano da muka cike muka yi gini a kai, ga shi muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kuma wallahi abin ya ba ni takaici.

Wani dattijo da ya ji cewa daga Nijeriya nake, kuma malamanmu suna karanta Mudawwana, littafin fiƙihu na Sahnun, babban malamin Malikiyya na garin, ya riƙe hannuna har gidansa. "Ɗana, ai kai baƙon Sahnun ne," in ji shi, yana ajiye mini shayi da makrud, wani soyayyen abu mai dabino a ciki da aka tsoma a zuma. Ya ba ni labarin alƙalancin Sahnun har rasuwarsa a 854, ya kuma ƙi karɓar ko sisi a hannuna. Masu sayar da darduma kuwa ba su da wannan kunyar. Ɗaya ya yanka mini kuɗin da ya ninka na gaskiya, sai da na kai bakin ƙofa ya kira ni da rabinsa. A Kurmi ma ana ciniki, amma ba a tsare mutum a shago.

Ranar ƙarshe na leƙa garin Susa, na hau hasumiyar ribaɗin da ke bakin teku. Daga wannan gaɓar alƙali Asad bin Furat ya tashi da jiragen yaƙi zuwa tsibirin Sikiliya a 827. Washegari na koma Tunis na kama jirgin gida.