Bargon mutum bakwai

Asabar, da dare.

Yatsuna sai zugi suke yi, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Yau ce ranar haɗa bargon da muka shafe wata biyu muna saƙawa mu bakwai, saboda maƙwabciyarmu da ta daɗe tana jinya. A baki abin ba wuya: falle 35, kowanne santimita 20 tsawo da faɗi, a jera biyar a kwance, bakwai a tsaye. Kowacce ta ɗauki biyar ta tafi gida.

Da muka baje su a ƙasa sai ɗakin ya yi tsit. Ulu iri ɗaya, allura lamba ɗaya, amma da ƙyar ka sami biyu da suka zo daidai. Mai jan zare da ƙarfi nata ya tsuke, mai sakin hannu nata ya buɗe. Ni kuwa har na gyara murya zan fara ƙorafi, aka ɗauko tef aka ɗora a kan nawa: 18. Duk biyar ɗin. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Don kunya na ce a ba ni in warware in sake. Inna, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Ke 'yar nan, aikin sati nawa za ki zubar? Kawo." Ta zagaye nawa da layi biyu na ƙwarashi, suka cika. Waɗanda suka ɗan karkace ta jiƙa su, ta danne a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ta miƙe su ta kafe da fil. Ta ce ulu in ya bushe a haka, a haka zai zauna.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ranar rabo, saƙa kaɗai muka raba, domin ita ake gani. Ba wadda ta tuna cewa kowane falle yana da jelar zare biyu, ta fari da ta ƙarshe, wato aƙalla 70 da sai an zura a allura an ɓoye ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗinkin haɗi gaɓa 58, na lissafa, ya haura mita 11. Nan fa kowa ta tuna tana da uzuri a gida, har da ni, ba zan ɓoye ba.

Ƙaramar cikinmu, wadda uku kacal ta iya saƙawa har Inna ta cika mata biyu, wadda kuma na yi gulmarta makon jiya, ita ce ba ta motsa ba. Ashe tun muna gardamar awo take kusurwa tana ɓoye jela. Ta ɗago ta ce, "Yaya, miƙo min almakashi." Na miƙa mata, na ajiye jakata na zauna kusa da ita. Daga baya biyu suka dawo.

Ba mu gama ba, jiƙaƙƙun sai gobe. Na taho gida da falle goma. A ɗaya daga ciki zare ya zame daga layinsa ya fara yin tsani, da safe zan kamo shi da ƙwarashi. Ban tambayi ko na wace ce ba.