Godiya ga waɗanda suka taya mu tuna ƙanin kakarmu

Assalamu alaikum. A madadin dangi gaba ɗaya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci zaman addu'ar da muka yi wa ƙanin kakarmu, wanda ya rasu a Yaƙin Bama a 1944. Allah ya saka da alheri, ya ba da ladan zumunci.

Mu dai gutsattsarin labarinsa muka taso muna ji. An ɗauke shi soja yana saurayi, ko aure bai yi ba. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga baya aka tura ta kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama (Myanmar a yau) ta kara da sojojin Japan. Ƙungurmin daji ne, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Can ya kwanta dama. Kakarmu, har ta koma ga Mahaliccinta, in ta ji sallamar baƙo da dare sai ta yi kasaƙe, ko shi ne.

Shi ya sa godiyarmu ta musamman take ga 'yar maƙwabtanmu, ɗalibar da ta yi ta tonon kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel a intanet har ta gano shi. Ta sha wuya, don Turawa sun murɗe rubutun sunan, sai da lambarsa ta soja aka tabbatar. Ashe sunansa na sassaƙe a jikin dutse a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Kabari babu, amma da aka nuna hoton sunan, goggonmu ta shafa shi da hannu, wurin ya yi tsit. 'Yata, Allah ya yi miki albarka.

'Yan mazan jiya, ranku ya daɗe, mun gode. Kun zo da lambobinku a ƙirji, kun tsaya cikin rana kun sara wa wanda ba ku taɓa gani ba, alhali wasunku da sanda suke dogarawa. Waɗanda ba su samu wurin zama ba, a yafe mana, ba mu zaci taron zai cika haka ba.

Wanda ke da ɗan'uwan da ya tafi Bama bai dawo ba, ya nemo lambarsa ta soja ko wata tsohuwar takarda. Yarinyar ta ce za ta duba masa.