Koren MDF ɗin da ya ɓata min tukunya guda

Bayan Legas ta haramta farin soson zuba abinci a Janairun 2024, masu turaren da nake hulɗa da su suka fara neman abin tare kwalba a kwali wanda in an yar zai ruɓe. Ga kuma guntayen MDF, wato allon zaren itace da aka matse da gam, jibge a bayan shagunan kafintoci, ƙarshensu wuta. Sai na ce bari in gwada yi musu abin tarewar da guntayen nan.

A ɓare fatar sama, a jiƙa, a dafa a ganga, a daka. Gam ɗin da ke riƙe MDF na gama-gari, urea-formaldehyde, ruwan zafi na kwance shi, allon ya kumbura ya saki kamar burodi a shayi. Zaren gajere ne mai tauri, ba ya kama kansa, sai an haɗa da jiƙaƙƙen kwali da kokon sitacin rogo kafin a danne a shanya. Wannan duk bai ba ni wahala ba.

Abin da har yau yake min ciwo, buhunan da wani kafinta ya sayar min, ya ce duk iri ɗaya ne. Ashe a ƙasa allo ne mai koren ciki, wanda ake yi don kicin da banɗaki. An sa sinadarin melamin a gam ɗinsa don kada ruwa ya ci shi, kuma wallahi bai ci ba. Itace ya ƙare, ganga na tafasa, guntayen na nan ƙyam. Da aka daka sai suka farfashe suka bi cikin ƙullun, duk abin tarewar da ya bushe ya tsage daidai inda koren yake. Ga alƙawari na ɗauka, mai turare yana jira. Cinikin nan haka ya wuce ni.

Yanzu ko buhun wa ne, sai an zazzage a gabana na karya na ga ciki. Kore, gefe. Mai ƙyallin roba da ba ya ɓaruwa, gefe.

Dahuwar kuma a fili nake yi, da takunkumi, don tururin na sa hawaye, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa formaldehyde, sinadarin da ke cikin gam ɗin, cikin masu jawo cutar. Shi ya sa da mai ƙosai ta nemi in yi mata faranti na ce a'a. Kwalba, tayil, madubi, su nake yi wa.