Kuɗin rajistar da na damƙa masa bayan Sallah

Naira dubu 78 ne. Har gobe ina iya faɗin inda kowace ta fito: dubu 60 kwasar adashi ce ta zubin wata goma, sauran kuɗin tunkiyata ne da na sayar ana jibi Sallah. Na ƙirga su sau biyu a kan gado, na ɗaure da roba, na miƙa wa maigidana ranar wata Talata da safe. Bai ƙwata ba, bai sata ba, da hannuna na ba shi. Wannan ne yake tashe ni tsakar dare har yanzu.

Shekarata 41 lokacin da na koma makaranta. Na daɗe ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi a Tudun Wadan Zariya, da takardar sakandare kawai. Tun 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawa aka sallami sama da dubu 21, masu makarantun kuɗi ma suka fara tambayar takarda. Kowa ya san NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin abin da ake so malami ya riƙe. Na ga yara sa'annin 'yata ta fari suna zuwa da ita ana ɗora su a kaina. Sai na sake zana Turanci da Lissafi, na samu gurbin karatun ƙarshen mako, ɓangaren Hausa da Addinin Musulunci. Shekarar farko ta wuce lafiya, ba abin da zan faɗa a kanta sai alhamdu lillahi. Zama aji ɗaya da yaran da ke kiranka Mama ba ya ciwo bayan sati biyu.

Maigidana mai gyaran wuta ne, kuma gwani ne, daga Samaru har cikin birni ana kiransa. Yana shan giya. Na rubuta wannan jimlar na goge ta sau uku kafin na bar ta, domin shekara goma sha ɗaya na yi ban faɗe ta ga kowa ba. Ya fara ne da zaman majalisa a Sabon Gari bayan an tashi aiki, daga baya ta koma ta leda, irin wadda ake sakawa a aljihun riga ba wanda ya gani. Ba mai duka ba ne, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah. In ya yi tatul sai surutu da kuka da neman gafara, sai amai, sai barci a ƙofar ɗaki. Aikina shi ne in ja shi ciki kafin maƙwabta su fito sallar asuba, in wanke tabarma, in ce wa yara babansu zazzaɓi yake yi.

To, a azumin shekarar nan sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kwana talatin ban ga tangaɗi ba. Yana buɗe baki a gida, yana fita asham, yana dawowa da ƙafarsa. Ranar Sallah ya ɗauki yara zuwa kallon hawa a ƙofar fada. Na yi kukan murna a kicin. Na ce a raina, ashe dama in ya so bari zai iya.

Da lokacin rajistar shekara ta biyu ya zo, shi ya ce, “Malama, kawo in biya miki. Kina da aji da safe, ni kuma ina da aiki wajen PZ, banki na kan hanyata.” Na ɗan yi jim. Ya dube ni ya ce, “Har yanzu ba ki yarda da ni ba ke nan?” Wannan tambayar ce ta karya ni. Na ji tsoron in na hana shi zai ji na raina tubansa, ya koma ruwa, laifin ya zama nawa. Ban ba shi kuɗin don na rasa hanyar banki ba. Na ba shi ne don in yi masa magani da su. Karatuna na ɗauka na mayar da shi lada ga mutumin da na zaci ya warke.

Ya dawo ya ce ya biya, takardar shaida tana wurin yaron kafe. Gobe ya ce yaron ya yi tafiya. Jibi ya ce na'urar ce ba ta aiki. Ni kuwa na ci gaba da zuwa lakca, ina sayen handawut, ina yin tes. A sati na uku ya shigo ƙarfe ɗaya na dare, ɗan acaɓa na riƙe da shi. Tun a daren jikina ya ba ni, amma ban je na duba ba. Sati biyar na yi ina gudun ofishin rajista kamar wadda ta ci bashi. Ranar da na daure na je, an rufe har da rajistar makara da ake biyan tara. Babu sunana a ko'ina.

Daga baya ne, a bakinsa, na ji sauran. Bashin mashaya ya biya da fiye da rabi. Kuma bai taɓa bari ba a azumin. Bayan asham yakan sha leda biyu ko uku, daidai abin da zai hana hannunsa rawa, ya tauna kanumfari da goro ya shigo. Abin da na ɗauka tuba, ragi ne kawai da ya iya riƙewa na wata guda.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sati biyar ɗin nan. Da a satin farko na buɗe baki na gaya wa yayana, da ya ranta min, da na biya tarar makara an wuce wurin. Akwai kuma hanyar rubuta takardar neman ɗage karatu, wadda ban ma tambaya ba don kada a ce me ya faru. Na zaɓi rufin asiri. Mu mata an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, akwai abin da bai kamata ya fita daga ɗaki ba. Amma ni shekara guda cur ta rayuwata na biya. 'Yan ajinmu suka wuce. Na ce musu jinya ce ta tsayar da ni.

Na sake zubin adashi, na koma. Wannan karon ni na biya da kaina. Sai dai tunanin nan bai bar ni ba, cewa in ya ga dama zai iya bari, taurin kai ne kawai. Shi ya kai ni ga kuskure na biyu, wanda ya kusa zama ajalinsa.

Ana saura kwana uku jarabawar zangon farko, cikin sanyin hunturu, ya shigo a buge ya yi amai a kan littattafaina da na baza a tabarma. Ban yi magana ba. Da ya yi barci na bincike gidan kaf, bayan buhun masara, cikin jakar kayan aikinsa, saman banɗaki, na zubar da duk abin da na samu. Na kwashe kuɗin aljihunsa da mabuɗin babur, na sa kwaɗo a ƙofar gida. Na ce masa sai na gama jarabawa zai ga titi. Ranar farko roƙo da faɗa. Zuwa dare hannunsa na karkarwa, gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Na ce wahalar tuba ce, ya daure. Rana ta biyu bai ci komai ba, bai runtsa ba. Da daddare ina kicin ina bitar darasin nahawu na ji ƙara. Na same shi a ƙasa yana jijjiga, ya ciji harshe, jini a baki. Ɗana na biyu, mai shekara 15, shi ya ruga ya taso maƙwabcinmu mai mota.

A asibitin koyarwa na Shika, likitan ya tambaye ni sau biyu ko yana shan wani abu. Na farko na ce a'a. Na biyu ya sassauta murya ya ce, “Hajiya, amsarki ce za ta nuna mana maganin da za mu ba shi.” Nan na faɗa, karo na farko a rayuwata, a gaban baƙo. Bai zare ido ba, bai yi salati ba, rubutawa kawai ya yi. Da gari ya waye ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da giyar na danne ta. In aka yanke farat ɗaya, sai ta zabura: rawar jiki da gumi cikin awanni, farfaɗiya a kwana ɗaya zuwa biyu, wasu kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu su rikice, su riƙa ganin abin da babu, zuciya na bugu da sauri, kuma wannan matakin yana kisa. Shi ya sa ake raba irinsu da ita a asibiti, da maganin kwantar da jijiyoyi da ake ragewa sannu a hankali, da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. A daren na uku kuwa ya yi ta kakkaɓe bargo yana cewa kyankyasai na hawansa.

Don Allah duk wadda ke zaune da mai irin wannan lalura ta riƙe wannan: kada ki kulle shi, kada ki zubar masa ki ce ya daure. Ni na yi, na ga abin da ya biyo baya. Takarda biyu na rasa a satin nan, na ɗauke su kariyoba, wato sai na sake rubuta su daga baya.

A barandar asibitin na kira Yaya. Ya zo daga cikin birni, na gaya masa komai, har da dubu 78. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, “Ke yanzu saboda kuɗin da bai kai na buhun taki biyu ba kika zauna shekara guda a gida, ina raye?” Ya kuma ce ya daɗe da sanin mijina na sha, rabin unguwa ma sun sani, kowa na jiran in fara magana. Wato asirin da na yi shekara goma sha ɗaya ina rufewa, har na ba da shekarar karatu a kansa, a buɗe yake tuntuni.

Surukata ta fi wuya. Hajiya cewa ta yi sammu ne, kuma tun da na fara bokon nan ɗanta ya rasa mai kula da shi. Na ji zafin maganar ƙwarai, don na san tun kafin in yi mafarkin komawa aji yake sha. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, addu'a muna yi kuma ba za mu fasa ba, amma makaranta ba zan bari ba.” Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Wani malami da Yaya ya kawo ya taimaka. Bai sassauta hukunci ba, ya karanta ayar Ma'ida ta 90 ƙarara. Amma ya tuna mana da sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Maigidana ya yi kuka sosai a wurin. An ba shi shawarar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna don ci gaba da ganin likita. Sau biyu ya je, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya daina.

Abin da na canza ba shi da yawa, amma shi ya riƙe ni. Kuɗin makaranta ba ya kwana a gidana. Ranar da na kwashi adashi, daga hannun uwar adashi sai asusun da shi bai san lambar katinsa ba, kuma ranar da aka buɗe rajista nake biya, in ga sunana da idona. Littattafaina da takardun shaida suna gidan Yaya. Satin jarabawa can nake kwana da ƙananan yaran, ƙaninsa kuma ya zo ya kwana da shi. Na sami wata malama a sashenmu na gaya mata halin da nake ciki a taƙaice, ita ta nuna min yadda zan jera kariyoba ɗina kada su yi karo da aikin koyarwa na gwaji. Na daina ja masa ƙafa zuwa ɗaki. In ya kwanta a tsakar gida, ina juya shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, in rufa masa bargo, in koma kan karatuna. Na kuma daina ce wa yara zazzaɓi ne. Manyan biyun na zaunar da su na gaya musu babansu na da ciwo, kuma ba su suka jawo ba.

Kalmar nan “ba ki yarda da ni ba” ta sake dawowa, ba sau ɗaya ba. Bara ma ya faɗe ta, lokacin da ya yi wata biyu bai sha ba, ya ce in kawo ya biya min kuɗin aikin gwaji. Zuciyata ta buga kamar ranar Talatar nan. Na ce, “Malam, ina yi maka fatan alheri fiye da kowa, amma wannan ni zan biya.” Ya yi fushi kwana biyu. Bai koma sha a satin ba, ya koma bayan wata guda, ranar da ba abin da ya haɗa mu. Sai a lokacin na yarda har cikin raina cewa ba hanawata ke mayar da shi ba, ba kuma bayarwata ke tsayar da shi ba.

Masu tambayata me ya sa ban fita ba, da masu cewa in yi ta haƙuri, duk ina jin su. Ban yanke ba tukuna. Na dai gaya masa a gaban Yaya da ƙaninsa cewa ranar da ya ɗaga hannu a kaina ko kan yaro, ranar zan bar gidan. Yanzu ina shekarar ƙarshe. 'Yan ajinmu na farko sun karɓi sakamakonsu, ɗaya ma ita ce mataimakiyar shugaba a makarantar da nake koyarwa, kuma duk ranar da na gaishe ta sai na tuna kuɗin nan ɗaure da roba. Saura min zango ɗaya da rubutun kammalawa. Shi kuma yau kwanansa 19, kuma da bakinsa ya ce in tambayar masa ranar da likitan Barnawa ke ganin mutane. Na tambayo, na rubuta masa a takarda na ajiye a kan jakar kayan aikinsa. Asabar ina da lakca ƙarfe takwas.