Wata na bakwai da kyamara: abin da telekonbata ta yi mini a Nguru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗaukar hoton tsuntsaye. Rabona da ba ku labari tun ƙarshen damina, lokacin da shamuwa ke haramar tafiya. To, ga inda aka kwana.

Kun san kayan aikina: Nikon D5600 da gilashi 70-300mm, wanda ƙofar haskensa ke tsukewa zuwa f/5.6 idan na zuƙo shi ƙarshe (iya girman lambar f, iya ƙanƙantar ƙofar). A unguwa ya ishe ni, don kurciya da hasbiya ba su cika tsoron mutum ba. Amma da na je dausayin Hadeja-Nguru a watan Disamba, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka su yi hunturu, sai kowace kirinjijiya ta fito a hoto kamar ƙwayar gero. Zuciya ta raya mini cewa rashin tsawo ne kawai ciwon. Na sayo telekonbata ta hannu mai ninki 2, wato ɗan gilashin nan da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da babban gilashi, ina ta murna na samu 600mm a kuɗi kaɗan.

Ashe dai araha ba ta ado. Lissafin da ban yi ba shi ne na haske. Mai ninki 1.4 rabin hasken take cinyewa, mai ninki 2 kuwa kashi uku cikin huɗu. Gilashina ya tashi daga f/5.6 ya koma f/11, alhali ƙananan kyamarori irin tawa da an wuce f/6.3 fokas ɗinsu, wato saitin da suke yi da kansu don hoto ya fito tas, yake fara lalube.

Da sassafe muna cikin kwalekwale, ga zalɓe tsaye ƙyam a bakin kacalla, rana ta fara taɓa wuyansa. Na danna. Gilashi ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba yana ƙugi, ya ƙi tsayawa. Na koma murɗawa da hannu, jirgi na rawa, yatsu sun sandare don sanyi. Don shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, ta kai 1/1000 na daƙiƙa sai da na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa 3200. Da na buɗe hotunan a kwamfuta, zalɓen ya girma kam, amma kamar an zana shi da gawayi a jikin bango. Ga kuma hazo, wanda ba gilashin da ke maganinsa: iya nisan tsuntsu, iya yawan ƙurar da ke tsakaninku, ita ma telekonbata ninka ta za ta yi.

Wani dattijo cikin tawagar ya ga halin da nake ciki, ya ce, "Yaro, karɓi wannan ka gwada." Gilashi ne 300mm f/4 wanda ba ya zuƙowa, da telekonbata mai ninki 1.4, jimilla 420mm a f/5.6. Fokas ya cafke nan take, har gashin ƙirjin dinya nake ƙirgawa. A nan na gane cewa abin da gilashi ya bayar shi telekonbata ke faɗaɗawa, mai kyau ko maras kyau. Ku kuma lura kafin ku biya kuɗi: telekonbata ta kamfanin Nikon, ba kamar wadda na sayo ba, ba ta ma shiga 70-300mm, saboda gilashinta na gaba ya ɗan turo waje.

Na ɗaga gilashin Sigma 150-600mm ma. Tsawo ba magana, amma nauyinsa ya kusa kilo 2, bayan minti goma kafaɗata ta fara kuka. Mai sandar ɗora kyamara zai ji daɗinsa. Ni mai yawo a ƙafa ne.

Hoton da ya fi kowanne a tafiyar kuwa da tsohon gilashina na ɗauka, ba ƙari. Na zauna gindin tsamiya cikin riga ruwan ƙasa kusan awa guda ban motsa ba, sai ga cilakowa ta sauka bai fi taku shida da ni ba, da fara a bakinta.

Yanzu na shiga adashi don 300mm f/4 na hannu. Mai ninki 2 tana cikin akwati. Wanda ke da gilashi f/2.8 ya yi magana, a wurinsa za ta yi amfani.