Ranar da na yi ta'aziyya da Turkanci

Alhamis da dare, Konya, ƙasar Turkiyya.

Ina wannan rubutu ƙafafuna na jingine da ƙarfen ɗumama ɗaki, wanda suke kira kalorifer, don tun da Disamba ya kama ban ƙara jin ɗumin tafin ƙafata ba sai a jikinsa. Yau wata uku da 'yan kwanaki da saukata garin nan. Ga aikin gida na jirana, amma abin da ya faru da yamma ya ƙi barin zuciyata, gara in sauke shi a nan kafin in kwanta.

A wannan lokaci rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, saboda haka da duhu-duhu na sauka karin kumallo. Zaitun ne da cuku da tumatir da burodi, sai shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu. Na saba da shi yanzu, ko da yake har yau in na ga zaitun da sassafe sai koko da ƙosan Inna su faɗo mini a rai. Da na fito daga ɗaki na duba ƙarshen baranda, inda matar da ke share hawanmu take ajiye bokitinta. Ba ta nan. Kwana shida ke nan ban gan ta ba. Dattijuwa ce, za ta yi sa'ar Inna, kowa teyze yake ce mata. Teyze ita ce 'yar'uwar uwa, kuma haka ake kiran duk macen da ta haife ka. Abin da ya fara kwantar mini da hankali a harshen nan ke nan, sun raba dangi yadda muka raba. Dayı shi ne kawu, amca baffa, hala goggo. Kullum da safe in na same ta tana aiki sai in ce "Kolay gelsin", wato sannu da aiki, Allah ya kawo sauƙi, ita kuma ta ce "Sağ ol kızım", na gode 'yata. Iyakar hirarmu ke nan wata uku. Da ta ɓace na so in tambaya ko lafiya, amma duk lokacin da na haɗa tambayar a kaina, kafin in kai ta baki ta warwatse.

Yau ne ranar da zan tashi gaban ajinmu na koyon Turkanci in yi maganar minti uku a kan garinmu. Kwana huɗu ina shiri. Na rubuta batun ganuwar Zariya da ƙofofinta, da Sarauniya Amina, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Jiya da dare na maimaita wa abokiyar ɗakina har sau biyar ba tuntuɓe. Da na tsaya gaban mutum goma sha takwas, jimlar farko ta fita lafiya, a ta biyu na maƙale. A Turkanci aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Sai ka yi ta lodin kaya, wane, a ina, yaushe, da wa, kana ɗauke da su a ka, ba ka saukewa sai ka isa ƙarshe. Ga shi kowace kalma jere take da ɗafe-ɗafe a bayanta. Ev gida ne, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizden daga gidajenmu. Na ɗauko lodin, na isa inda zan sauke, na nemi aikatau na rasa. Ajin ya yi tsit. Malama ta ce "Yavaş yavaş, devam et", sannu a hankali, ci gaba. Na ci gaba da guntayen jimloli irin na makon farko. Zariya babba ce. Zariya tsohuwa ce. Akwai zafi. Ban cika minti biyu ba na zauna.

Ba wanda ya yi dariya, kuma malama ta yaba mini a kan abin da na faɗa daidai. Duk da haka abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma na san dalili. A gida ni ce ake aika in isar da saƙon da ake tsoron ya ɓata wa wani rai, don na san inda ake sa kalma da inda ake ɗauke ta. A sakandare ni nake wakiltar ajinmu a muhawara. A nan duk wannan yana cikina a kulle, abin da ke fitowa ta bakina maganar yarinya 'yar shekara uku ce. Mutanen da nake zaune da su wata uku ba su san ina da barkwanci ba, ba su san ina da ra'ayi a kan komai ba. Sun san ni a matsayin mai murmushi da gyaɗa kai. Kafin in taho an yi mini gargaɗin sanyi da abinci da kewar gida, ba wanda ya gaya mini wannan.

Abokiyar ɗakina 'yar Kirgizistan ce, harshensu dangin Turkanci ne, ita kamar gidan kawunta ta zo. Wata biyu kacal ta fara ciniki a kasuwa. Ina taya ta murna da zuciya ɗaya, amma na daina auna kaina da ita, don ba daga wuri ɗaya muka taso ba.

Bayan hutun shayi aka shiga sabon darasi. Ashe Turkanci shuɗaɗɗen lokaci iri biyu gare shi. In abu ya faru a kan idonka, sai ka ɗafa masa di. In labarinsa ka ji, ko daga baya ka gano, sai ka ɗafa miş. Geldi, ya zo, na gan shi. Gelmiş, ya zo, amma ban ga zuwansa ba. Malama ta cika allo da misalai, na kwafe su duka, amma kaina yana can gaban aji inda na maƙale, bai shiga ba. Daga nan ta koma kan wasula. Su takwas gare su, mu biyar, kuma ö da ü su ne ke ba ni wuya. Ta rubuta oldu da öldü gefe da gefe. Na farko ya faru ko ya yiwu, na biyu ya mutu. Ɗigo bibbiyu a kan o da u ne kawai tsakaninsu. Ta sa muka yi ta maimaitawa, leɓe a zagaye kamar za a ce o, harshe kuma a inda ake faɗin e. Akwai wani ɗan Maraɗi da ke zama bayana, shi ko a jikinsa, don Faransanci yana da waɗannan sautuka, tun firamare bakinsa ya saba. Da aka tashi ya ce mini, "'Yar'uwa, kar ki damu, ni ma ran Talata haka na tsaya kamar an dasa ni." Jin Hausa a wannan lokaci ya fi mini shayin daɗi. Sai mun kai matakin C1, mataki na biyar a koyon harshen, kafin kowa ya shiga sashen da ya zo karanta, ni harhaɗa magunguna, shi aikin injiniya, kuma yanzu muke cikin A2, mataki na biyu.

Akwai abin da nake yi in raina ya ɓaci a aji. A shafin ƙarshe na littafina ina tara kalmomin da muka yi tarayya da su ta hanyar Larabci. Ders darasi, haber labari, kalem alƙalami, sabun sabulu, dünya duniya, zaman zamani, hesap lissafi, akıl hankali. Yau na buɗe na karanta su daga sama har ƙasa, kamar mai duba hotunan 'yan gida.

Da rana na hau tramvay, jirgin da ke bin tsakiyar titi, zuwa cikin gari neman takalmin sanyi. Cike yake maƙil, don makon tunawa da Mevlana ne, wato Jalaluddin Rumi, shehin Sufaye kuma mawaƙi, wanda ya rasu a nan ranar 17 ga Disamba 1273, kuma baƙi na zuwa daga ko'ina. Na sauka a tashar Alaaddin na taka zuwa tsohuwar kasuwar Bedesten. A shagon farko na tambayi lamba 39, mai shagon ya ɗaga haɓa sama, ya ɗaga gira, ya yi wani ɗan sauti da harshe. A makonnin farko wannan abu ya sha sa ni komawa ɗaki da ɓacin rai, don a kunnen Bahaushe tsaki ne, kuma a gidanmu wanda ya yi wa baƙo tsaki sai ya gane kurensa. A nan ma'anarsa a'a ce kawai, babu, ba raini a ciki. Na sani yanzu, amma har yau sai gabana ya faɗi kafin sanin ya iso. A shago na uku na samu.

Na dawo yurt, wato gidan kwananmu, kafin magariba. Tun daga matakala na ji ƙamshin man shanu da soyayyen gari. A ɗan ɗakin shan shayi na hawanmu 'yan mata sun taru, ba hayaniya kamar kullum, ga teyze zaune a kujera da baƙin ɗankwali, gabanta babban faranti. Wata Baturkiya da ke ɗakin kusa da namu ta matso ta raɗa mini a kunne, "Teyzenin annesi vefat etmiş."

Ban fassara ba, kai tsaye na ji ta. Anne uwa, vefat wafati. Sai miş ɗin nan da ya ƙi shiga kaina da safe ya zauna daram. Ai wai ce. Ai ashe ce. Wai mahaifiyar teyze ta rasu, ashe abin da ya hana ta zuwa ke nan. Kullum muna faɗinsu a gida, sai dai mu a farkon magana muke sa su, su kuma a wutsiyar aikatau. Abin da ke farantin helva ce, wadda suke tuƙawa a raba in an yi rasuwa, sadaka ga mamaci, kamar yadda ake rabon gumba ko waina a wajenmu ranar sadakar uku ko bakwai.

Na san abin da ake faɗa, an koya mana a makon gaisuwa. Başınız sağ olsun, ita ce gaisuwar ta'aziyyarsu. Amma ina tsaye bakin ƙofa tsoro ya kama ni, don duk safiyar yau leɓena a zagaye yake yana koyon ö. Olsun na nufin ya kasance. In bakina ya zame na ce ölsün, na ce ya mutu ke nan, a gaban matar da ta binne uwarta makon jiya. Na yi tunanin in ɗauki helva in yi murmushi in gyaɗa kai in wuce, ba wanda zai ga laifina, baƙuwa ce ni. Sai na tuna Inna. Da za ta ji an yi wa maƙwabciya rasuwa na wuce ban yi gaisuwa ba, ba za ta karɓi uzurin harshe ba.

Na je na durƙusa gefen kujerarta yadda ake yi a gida. Na ce "Teyze, başınız sağ olsun", a hankali, kowace gaɓa daban. Sauran kuma suka biyo da kansu, don addu'o'in namu ne sak. Allah rahmet eylesin, Allah ya yi mata rahama. Mekânı cennet olsun, Allah ya sa Aljanna makoma. Allah sabır versin, Allah ya ba da haƙuri. Ta kama hannuna da hannayenta biyu, masu kaushi saboda ruwan sabulu, ta ce "Amin kızım, sen sağ ol", sai ta fara magana. Ta daɗe tana yi. Ba zan ce na fahimci fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Na tsinci hastane, asibiti. Na tsinci seksen dört, tamanin da huɗu. Na tsinci köy, ƙauye, da kar, dusar ƙanƙara, na gane cewa a ƙauyensu aka yi jana'iza cikin sanyi. Inda ban gane ba ban yi kamar na gane ba, na dai riƙe hannunta.

Da ta yi shiru na ji ina son in ba ta wani abu nawa. Na ce "Benim anneannem de vefat etti. İki yıl önce." Ni ma kakata ta wajen uwa ta rasu, shekara biyu da suka wuce. Etti na ce, ban ce etmiş ba, don ina ɗakin a daren, ni nake riƙe da kofin ruwan da ake ɗiga mata a baki. Ban zaɓi ɗafin da tunani ba, sai da ya fita na lura. Teyze ta ce "Allah rahmet eylesin", ta shafa kaina, muka yi hawaye tare. Ta cika mini ƙaramin faranti da helva, ta ce "Ye kızım", ci 'yata. Da ɗuminta, da daɗi ƙwarai, na cinye.

Kusan isha'i aka karanta sela daga masallacin unguwa, salatin Annabi da suke rerawa ta lasifika a daren Juma'a, wanda kuma shi ake karantawa in za a sanar da rasuwa. Na buɗe taga kaɗan duk da sanyin, na saurara har aka gama.

Na kira gida ƙarfe tara, can bakwai, don awa biyu muke gabansu. Na ba Inna labarin teyze, ban ko tuna da zancen tsayuwata gaban aji ba sai da muka yi sallama. Inna ta yi salati, ta tambayi shekarun marigayiyar, ta tambaya ko teyze na da 'ya'ya. Na ce ban sani ba tukuna, amma zan iya tambaya. Ta ce, "To ki gaya mata uwarki na yi mata gaisuwa, Allah ya jiƙan tsohuwa." Na ce to, Inna.

Na duba ƙamus, na haɗa jimlar, na kai wa Baturkiyar ɗakin kusa ta gyara mini harafi ɗaya. Annem de başsağlığı diliyor. Na rubuta a 'yar takarda na sa a aljihun rigar sanyina. Teyze tana fara aiki ƙarfe bakwai da rabi, zan same ta kafin in sauka karin kumallo. Saura jimla goma masu miş da malama ta ce a kawo gobe, na yi huɗu.