Safiya Guda a Gaban Zanen Rothko a Houston

A ziyarar da na kai birnin Houston na jihar Texas a Amurka, na keɓe safiya guda domin in ga ɗakin ibadar nan da ake kira Rothko Chapel, wanda yake unguwar Montrose. Motar haya ta sauke ni a wani titi mai inuwar itatuwa, inda na tarar da ginin bulo marar ado, a gabansa kuma akwai ɗan tafki da aka kafa wani dogon ƙarfe a tsakiyarsa, aikin mai zane da sassaƙa Barnett Newman, wanda aka sadaukar ga Martin Luther King.

Ba a biyan ko sisi wajen shiga. Zauren yana da kusurwa takwas, kuma an rataye manyan zane-zane 14 a bangonsa, waɗanda mai zane Mark Rothko ya yi tsakanin 1964 da 1967 bisa buƙatar wasu attajiran Houston, John de Menil da matarsa Dominique. Babu mutum a cikinsu, babu dabba, babu gida. Launi ne kawai aka shimfiɗa a faffaɗan fili, salon da ya bunƙasa a New York cikin shekarun 1950 a hannun Rothko da Newman da Clyfford Still.

Da farko raina bai kwanta ba, domin baƙi kawai idona yake gani. Na zauna a kan bencin katako na yi shiru, har gajimare ya gusa, hasken rana ya sauko ta rufin ginin. A nan ne baƙin ya fara buɗewa: sai ga ja mai duhu yana tasowa daga ƙarƙashinsa, sai ga shunayya, sai ga sawun burushi a gefe-gefe, alamar cewa an yi ta ɗora launi bisa launi har ya yi zurfi, kamar turkuɗin da ya daɗe a karofi. Na gamsu cewa mai gaggawa ba zai ga komai a nan ba, kuma hoton waya ba ya iya ɗaukar wannan sauyin.

Rothko ya rasu a 1970, shekara guda kafin a buɗe ginin, don haka bai taɓa ganin aikinsa a wannan hasken ba. Wannan tunanin ne ya riƙe ni a kan bencin fiye da awa guda, kuma da na fito sai da na kare idona da tafin hannu saboda ƙarfin ranar Texas.